Shin Yahudawa Duka Turawa Ne?

An daɗe ana cewa Yahudawa duka fararen fata ne daga Turai. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin yawancin hotunan da ake nuna mana na Yahudawan Turai da Amurka ne, amma tarihi bai tsaya nan ba.

Yahudawa sun zauna a ƙasar Iraƙi fiye da shekara 2,500, kuma a can malamansu suka tattara Talmud na Babila, babban kundin dokoki da koyarwar addininsu. Bayan an kore su daga Sifaniya a 1492, da yawa sun koma Maroko da Daular Usmaniyya ta Turkawa. A birnin Fas na Maroko sun kasance da unguwarsu da ake kira Mella, kuma a shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kusan 250,000, galibinsu da Larabci suke magana, wanda sukan rubuta da haruffan Ibrananci. Akwai tsofaffin al'ummominsu a Iran da Indiya, haka ma a Yaman a da. A Habasha, wajen Gondar da tafkin Tana, a da akwai Yahudawa baƙaƙen fata da ake kira Beta Isra'ila, waɗanda suke addu'o'insu da Ge'ez, tsohon harshen Habasha, kuma su aka fi mantawa da su.

Wanda yake son tabbatarwa ya nemi tarihin Fas ko Bagadaza ko Sana'a, ya duba hotunan tsofaffin wuraren ibada da maƙabartunsu, sannan ya gwada abin da marubuta biyu ko uku daga ƙasashe daban-daban suka rubuta. Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan'uwa da abokai.