Ba baƙuwa ba ce, Bahaushiya ce Kirista

Da labarin rasuwar Inna ya iso Agege, maƙwabta suka cika mana gida da gaisuwa. Sai wani dattijo ya ji za a yi jana'iza a coci, ya ja ni gefe: "Ɗana, ashe mahaifiyarka ba Bahaushiya ba ce?" Na ce, "Baba, Bahaushiya ce gaba da baya."

Wannan zato ya daɗe a Legas, cewa duk Bahaushe Musulmi ne, Kiristan da ke jin Hausa kuma lallai daga Jos ko kudancin Kaduna ya fito. Gaskiya ne mafi yawan Hausawa Musulmi ne, amma ba duka ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, ta cocin Angalika, ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, Kirista ne haifaffen Anchau. A ƙauyukan Kano da Katsina kuwa, Maguzawa da dama sun shiga cocin ECWA.

Cikinsu Inna ta tashi, wajen Malumfashi, ta haura shekara 90. Furarta ta gero, gaisuwarta a durƙushe, ko sunan ɗan farinta ba ta taɓa kama ba saboda kunya. Duk asuba da Hausa take addu'a. Matan zumuntar coci sun raka ta kabari da waƙa, maƙwabtanta Musulmi na tsaye tare da mu.