Auna Ingancin Rayuwar Manya Masu Ƙari a Ƙwaƙwalwa

Auna ingancin rayuwa hanya ce da likitoci ke bi don sanin yadda cuta da maganinta suka taɓa harkokin mara lafiya na yau da kullum, daga bakin shi kansa. Ga masu ƙari a ƙwaƙwalwa abin ya fi nauyi, domin gaɓar da ta kamu ita ce mazaunin tunani, magana da hali. Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna girman ƙari, amma ba ya nuna ko mutum yana iya tuna sunayen 'ya'yansa.

Tarihi

Ana danganta mafarin wannan aiki da David Karnofsky, likitan ciwon daji a birnin New York na Amurka, wanda tare da Joseph Burchenal da wasu ya fito da ma'auninsa wajen 1948 zuwa 1949. Ma'aunin yana tashi daga 0, wato mutuwa, zuwa 100, wato lafiya ƙalau, goma-goma. Wanda aka ba 70 yana iya kula da kansa, amma ba ya iya zuwa aiki. Har yau da wannan maki ake tantance waɗanda za a sa a gwajin sababbin magunguna. Sai dai likita ne ke bayar da shi, kuma ƙarfin jiki kaɗai yake dubawa. Mutum yana iya samun 90 alhali fargaba ta hana shi barci.

An daɗe kafin a juya ga mara lafiya a tambaye shi. A 1993 Ƙungiyar Turai ta Bincike da Maganin Ciwon Daji, mai hedikwata a Brussels, ta wallafa takardar tambayoyi 30 da ake kira QLQ-C30, ƙarƙashin jagorancin Neil Aaronson. A shekarar ne David Cella ya fitar da tasa takardar tambayoyin, FACT-G, a Amurka. Dukansu na masu ciwon daji ne gaba ɗaya, shi ya sa aka yi musu ƙarin tambayoyi na ƙwaƙwalwa: FACT-Br a 1995, sai kuma wanda David Osoba da abokan aikinsa suka fitar a 1996, da aka fi sani da BN20.

Abin da ake tambaya

BN20 tambayoyi 20 ne. Suna bin matsalar gani, raunin gefe ɗaya na jiki da rashin daidaiton tafiya, wahalar nemo kalma yayin magana, da zullumin abin da gobe za ta zo da shi. Akwai kuma ciwon kai, farfaɗiya, yawan gyangyaɗi, zubewar gashi, ƙaiƙayin fata, raunin ƙafafu da wahalar riƙe fitsari. Ana tambaya ne kan mako guda da ya wuce, amsa kuma mataki huɗu ce, daga babu ko kaɗan zuwa sosai. Ana mayar da amsoshin maki 0 zuwa 100, kuma galibi ana ɗaukar bambancin maki 10 a matsayin canjin da mara lafiya zai ji a jikinsa.

Akwai kuma wata takardar tambayoyi, MDASI-BT ta 2006, wadda ta fi mayar da hankali kan tsananin alamomi.

Amfani a gwajin magani

A gwajin da Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005, haɗa maganin temozolomide da gashin haske (wato ƙona ƙari da hasken na'ura) ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwar masu glioblastoma, wani mugun nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa, daga wata 12.1 zuwa 14.6. Bayanan QLQ-C30 da BN20 sun nuna ƙarin watannin bai zo da taɓarɓarewar ingancin rayuwa ba. Kan maganin bevacizumab kuwa, manyan gwaje-gwaje biyu na 2014 sun saɓa wa juna: ɗaya ya ga ingancin rayuwa ya daɗe bai lalace ba, ɗayan ya ga koma-baya.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce waɗanda ciwo ya fi ci su ne suke daina cike takardar, sai sakamakon ya fito da kyau fiye da gaskiya. Wasu kuma ƙarin ya taɓa fahimtarsu, har ba sa gane yadda suka canja. A nan akan nemi miji, mata ko ɗa ya amsa a madadinsu. Amsar 'yan'uwa takan dace da ta mara lafiya a abin da ido ke gani, kamar tafiya da cin abinci, amma takan kauce idan aka zo ga damuwa da halin zuciya.