Daga Yatsan Likita Zuwa Ɗigon Jini: Waiwaye Kan Gwaje-gwajen Sankarar Furostet

Akwai wani ruɗani na suna da ya kamata a warware tun farko, musamman a nan Sakkwato. A rediyo da bakin jama'a, ciwon da likitoci ke kira kansar furostet, sankarar mafitsara ake ce masa. Alhali mafitsara daban, furostet daban. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ciki. Furostet kuwa wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta bai wuce goro ba, tana zaune ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye bututun da fitsari ke bi ya fita. A wani garin wannan ruɗani ba zai dami kowa ba. A nan kuwa, inda yaran ƙauyukan bakin gulbin Rima ke tashi da tsargiya, ita kanta mafitsarar tana kamuwa da tata sankarar, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna rubutu kan alaƙarta da tsargiya. Gwaje-gwajen da za a waiwaya a nan ba sa ganin waccan. Mai fitsarin jini kada ya ce ya yi gwajin furostet ya fita lafiya, ya koma gida ya kwanta.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje manuni suke nema. Abin da ake nufi da manuni shi ne duk wani abu da za a auna a jini, ko fitsari, ko tsokar jiki, ya ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Kamar sawu ne a wurin mafarauci: ba dabbar ba ce, amma yana faɗin cewa ta bi ta nan.

A 1853 wani likitan fiɗa na Landan, John Adams, ya bayyana ciwon a rubuce, ya ce cuta ce da ba a cika samu ba. Yau ita ce sankara ta biyu da ta fi kama maza a duniya. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya kai mutum kusan miliyan ɗaya da rabi da suka kamu a shekarar, kusan dubu 400 suka rasu. Ba cutar ce ta sauya hali ba, mutane ne suka riƙa daɗewa a duniya, aka kuma samu hanyar gano ta. A zamanin Adams da shekaru masu yawa bayansa, yatsa ne kaɗai kayan aikin likita: ya sa ta dubura ya taɓa tsokar, in ya ji ta yi tauri kamar dutse, to galibi an makara.

Manuni na farko ya zo a 1938. Alexander Gutman da Ethel Gutman, a birnin New York, suka gano cewa wani sinadari mai suna asid fosfatis yana hauhawa a jinin mazan da ciwon ya riga ya bazu zuwa ƙashinsu. Aibinsa a fili yake: ba ya tashi sosai sai ɓarna ta yi nisa. Amma ya buɗe wata ƙofa. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges na Jami'ar Shikago suka nuna cewa wannan sankara da sinadarin mazakuta take rayuwa. In aka cire 'ya'yan maraina, ko aka ba mutum sinadarin mata, sai ciwon ƙashi ya lafa, asid fosfatis ya sauka a jini. Duk makiyayin da ya taɓa fiɗiye ɗan maraƙi ya san abin da cire maraina ke yi wa jiki, amma ba wanda ya taɓa nuna cewa za a iya horar da sankarar furostet ta wannan hanya. Huggins ya samu lambar Nobel a 1966. Har yau wannan aiki ne ginshiƙin jinyar waɗanda ciwon ya bazu a jikinsu, kuma a asibitocinmu ana yin fiɗar sosai, domin allurar da ke maye gurbinta, wadda ake yi duk wata ko duk wata uku, ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan mutane.

A wannan shekarar ta 1966 wani likitan duba tsoka a Minneapolis, Donald Gleason, ya fito da tsarin ba da maki. Ana ɗebo 'yar tsoka, a duba ta da madubin likita, a ga yadda ƙwayoyinta suka kauce daga siffarsu ta asali. Maki 6 na nufin ciwo mai sanyin hali, 9 ko 10 kuwa mai gaggawa ne. Shekara kusan sittin ke nan, duk sababbin na'urorin da suka zo ba su ture makin Gleason ba. Shi ne aka ji a labarai a watan Mayun 2025, da aka ce tsohon shugaban Amurka Joe Biden na da maki 9 kuma ciwon ya kai ƙashi.

Sai kuma PSA, wanda shi ne jigon wannan labari. Wani sinadari ne da furostet ke yi, aikinsa tsinka maniyyi, amma kaɗan daga cikinsa yakan zurara cikin jini. Richard Ablin ya bayyana wani sinadarin furostet a 1970, sai a 1979 tawagar T. Ming Chu a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo ta tace PSA, bayan shekara guda kuma aka iya auna shi a jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986, amma don bibiyar wanda aka riga aka san yana da ciwon. A nan ba shi da na biyu. In an cire furostet gaba ɗaya, ya kamata PSA ya ɓace daga jini. In ya fara dawowa, likita zai san ciwon ya motsa tun kafin maras lafiya ya ji komai.

Rigima ta fara ne da aka ce a yi amfani da shi wajen farautar ciwon a jikin masu lafiya. William Catalona ya wallafa bincikensa a 1991, a 1994 kuma aka amince a riƙa gwada maza daga shekara 50 zuwa sama, tare da gwajin yatsa. Aka ja layi a lamba 4: wanda ya haura ta, a soka masa allura a ɗebo tsokar furostet ɗinsa a duba. Miliyoyin Amurkawa suka yi tururuwa.

Ba a jima ba gaskiya ta fara bayyana. PSA na furostet ne, ba na sankara ba ne. Kumburin tsufa, wanda ba sankara ba ne kuma yake damun dattawa da yawa, yana ɗaga shi. Ƙwayoyin cuta suna ɗaga shi. Riƙewar fitsari da sa robar fitsari suna ɗaga shi. Har saduwa da iyali kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji takan ɗan motsa shi. Maganin kumburi mai suna finasteride kuma yana rage shi kusan rabi, ya ɓoye abin da ake nema. A cikin mazan da lambarsu ke tsakanin 4 da 10, kusan ɗaya cikin huɗu ne ake samu da sankara, saura an soke su a banza. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wani bincike da Ian Thompson ya jagoranta a 2004 ya samu ciwon a jikin kashi 15 cikin ɗari na mazan da lambarsu ba ta haura 4 ba. Layin da aka ja ashe a kan rairayi yake.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, da yawan sankarar da aka riƙa ganowa irin wadda ba za ta taɓa kashe mai ita ba ce. Mutum zai tsufa da ita, wani abu dabam ya zama ajalinsa. Amma da zarar an ce wa mutum yana da sankara, wa zai iya ba shi haƙuri ya zauna? Aka yi wa dubbai fiɗa da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, wasu suka koma ba sa iya riƙe fitsari, wasu suka rasa kusantar iyali. A 2009 manyan bincike biyu suka fito lokaci guda. Na Turai ya ce gwajin ya rage mace-mace da kashi 20 cikin ɗari, amma sai an gwada mutum 1,410, an yi wa 48 jinya, kafin a ceci rai guda. Na Amurka bai ga wani bambanci ba, kodayake an yi masa suka da cewa yawancin waɗanda aka ce kada su yi gwajin sun je sun yi abinsu. Shi kansa Ablin ya fito a 2010 ya yi tir da yadda ake amfani da gwajin. A 2012 kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan riga-kafi ya ce a daina. A 2018 ya sassauta: masu shekara 55 zuwa 69 su zauna da likitansu su yanke wa kansu, masu 70 zuwa sama kuma a ƙyale su.

Daga nan neman ya koma kan manunin da zai bambanta mugun ciwo da mai barci. An samu da dama: auna PSA da ke yawo a jini ba tare da ya manne wa wani sinadari ba, gwajin fitsari na PCA3 da aka gano a Holan a 1999, da gwajin jini na PHI da aka amince da shi a 2012. Kowanne ya ɗan rage yawan waɗanda ake soka ba dalili, ba wanda ya zama gagarabadau. Wanda ya fi sauya aiki ma hoton MRI ne, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, da bincike na 2017 da 2018 suka nuna cewa a fara ɗaukar sa kafin a taɓa mutum da allura.

Inda aka ci gaba ƙwarai shi ne wajen zaɓen magani. An gano cewa ɓacin ƙwayar gado ta BRCA2, wadda aka fi sani a sankarar mama, tana jawo ta furostet mai tsanani, kuma a 2020 aka amince da magungunan olaparib da rucaparib ga masu irin wannan ɓaci. Ke nan tarihin sankarar mama a wurin uwa ko 'yar'uwa abu ne da ya kamata namiji ya faɗa wa likita. Akwai kuma PSMA, wani sinadari da ke manne a bayan ƙwayoyin ciwon. A ƙarshen 2020 aka amince da hoton da ke bin sawunsa ya nuna duk inda ciwon ya ɓuya, a 2022 kuma aka amince da Pluvicto, maganin da ke bin wannan sawu ya kai gashin har inda ƙwayar take. Manunin ya zama ɗan jagora. Sai dai kuɗin waɗannan abubuwa ba na talaka ba ne, har a can inda ake yin su.

A ganina kuskure ne mu ɗauko muhawarar Amurka mu shimfiɗa ta a Sakkwato yadda take. Su kukan ƙoshi suke yi, sun gano ciwon fiye da kima. Mu namu kukan na makara ne. Tun 1997 wani bincike da Farfesa Dominic Osegbe ya wallafa daga Legas ya rushe tunanin cewa ciwon bai cika kama 'yan Afirka ba, ya kuma nuna cewa yawancin masu zuwa asibiti sun zo ne bayan ya yi nisa. Yanzu shi ne kan gaba a sankarar maza a Nijeriya. An kuma tabbatar baƙar fata sun fi shiga haɗari: a Birtaniya ana ƙiyasin ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza zai kamu a rayuwarsa, ninki biyu na sauran jama'a. Shi ya sa ake ba su shawarar fara maganar gwaji tun daga shekara 45, haka ma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa kamuwa.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya a gidajenmu. Dattijo zai fara tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare, alwala ta ƙi riƙuwa, a ce sanyi ne, a ce basir ne, a jiƙa sassaƙe. Kunya ta hana shi faɗa wa 'ya'yansa, balle a kai ga maganar yatsa. Sai ranar da fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, ko baya ya riƙe, ko ƙafafu suka mutu, sannan a ɗauko shi a mota daga Illela ko Tambuwal. Irin wannan in aka auna PSA ɗinsa, ba maganar 4 ko 10 ake yi ba, ɗaruruwa ake gani, wani lokaci dubbai. Wato muna tsaye kusa da inda su Gutman suka tsaya a 1938. Kuma abin lura, sankarar da ke farkonta galibi ba ta da wata alama. Wahalar fitsari sau da yawa kumburin tsufa ne kawai, amma ita ce damar da likita ke samu ya duba.

Wata matsalar ita ce, kusan duk waɗannan ma'aunai a jikin Turawa aka gwada su. Misali, haɗewar ƙwayoyin gado da ake kira TMPRSS2-ERG, wadda aka gano a Jami'ar Michigan a 2005, ana samun ta a kusan rabin masu ciwon cikin Turawa, amma ta yi ƙaranci a jikin 'yan asalin Afirka. Gwajin fitsarin da aka gina a kanta zai fi kuskure a kanmu. Wata haɗakar masu bincike mai suna MADCaP, da ke da cibiyoyi a Ibadan da Abuja da Akara da Dakar da Afirka ta Kudu, ta soma tattara bayanan gadon mazan nahiyar don cike wannan giɓi. Lokaci kuma ba ya jira, domin wani kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa a shekara za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma mafi yawan ƙarin a ƙasashe irin namu zai faɗo.