Hash ɗin kalmar sirri a fayawol ɗin Cisco

Hash ɗin kalmar sirri shi ne jerin haruffa da lambobin nan marasa kan gado da ake gani a cikin fayil ɗin saitin fayawol, wato na'urar da ke tsaye tsakanin kwamfutocin ma'aikata da intanet tana tace abin da zai shiga da wanda zai fita. Na'urar ba ta ajiye kalmar da admin ya buga yadda take, sai ta bi da ita ta wani lissafi wanda ba ya juyuwa baya, kamar gero ne in an kai inji an niƙa, gari ba ya komawa tsaba. In mutum ya zo shiga sai ta niƙa abin da ya buga ta gwada da wanda ke ajiye, in sun yi daidai ta buɗe masa. Masu binciken tsaro su ma hanyar da suke bi kenan, suna samar da hash na kalmomin da suke zato su gwada da na cikin fayil, don a gane ko makullin na'urar mai ƙwari ne ko na jeka-na-yi-ka.

Asali

Ana danganta dabarar ga Roger Needham na jami'ar Cambridge a Ingila, a wajajen shekarun 1960. Amma waɗanda suka fito da ita fili su ne Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs a Amurka, a rubutun da suka fitar a 1979 kan tsarin Unix, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta. Sun tara kalmomin sirri 3,289 na mutane suka gwada, sai ga kashi 86 cikin ɗari sun faɗi, yawanci gajeru ne ko kalmomin ƙamus ko sunaye. A tsarin nasu ne aka san abin da ake ce wa gishiri, wasu 'yan haruffa da ake zaɓa haka kawai a haɗa da kalmar kafin a niƙa, ta yadda ko mutum biyu sun zaɓi kalma ɗaya hash ɗinsu zai bambanta. Gishirin Unix na farko yana ba da fuska 4,096 ga kowace kalma, kuma ana maimaita lissafin sau 25 don a rage wa mai gwaji gudu. Waɗannan abubuwa biyu, gishiri da maimaitawa, su ne ma'aunin da ake auna duk tsarin da ya zo daga baya, kuma abin takaici na'urori masu tsada da yawa sun fito kasuwa babu ko ɗaya a cikinsu shekaru da dama bayan an san amfaninsu.

PIX da ASA

Wani ƙaramin kamfani mai suna Network Translation ne ya ƙera fayawol ɗin PIX a 1994, Cisco, kamfanin na'urorin sadarwar kwamfuta, ta saye shi a 1995, daga nan PIX ya zama fayawol ɗin da ake gani a bankuna da ma'aikatu a ko'ina. Yadda yake samar da hash ba wuya a bayyana. Yana ɗaukar kalmar, wadda ba ta wuce harafi 16 ba, in ba ta kai ba ya cike gurbin da sifili, ya bi da ita ta MD5 sau ɗaya tak, wato lissafin da Ronald Rivest ya tsara a 1991, sai ya jefar da ɗaya cikin kowane bayit huɗu na sakamakon, sauran 12 ɗin ya rubuta su da haruffa 16. Shi kenan. Ba gishiri, ba maimaitawa.

Illar hakan ita ce kalma ɗaya hash ɗaya take bayarwa a kowane PIX na duniya. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a harkar in ya buɗe fayil ya ga 8Ry2YjIyt7RRXU24 a layin enable password ba ya buƙatar wata manhaja, da ido ya san ba a sa kalmar sirri ba kwata-kwata, fanko ne. In kuma ya ga 2KFQnbNIdI.2KYOU to kalmar ita ce cisco, wadda na'urar ta zo da ita daga kamfani ba wanda ya canza. Wanda bai sani ba zai ga haruffan sun cakuɗe ya ɗauka komai lafiya lau, alhali ƙofa a buɗe take.

ASA, fayawol ɗin Cisco da ya gaji PIX, ta fito a 2005, aka daina sayar da PIX a 2008. Gyaran da aka yi da farko ɗan kaɗan ne, ana liƙa haruffa huɗu na farkon sunan mai amfani a jikin kalmar a matsayin gishiri, to amma tunda kusan kowa admin yake sa wa, gishirin ya zama admi a dubban na'urori, ka ga kuwa da shi da babu duk ɗaya. Sai a sigar 9.7 ne aka mayar da sababbin kalmomi kan PBKDF2, tsarin da ke haɗa gishiri da maimaitawa, da lissafin SHA-512, hash ɗin yana farawa da $sha512$5000$, lambar nan 5000 ita ce yawan maimaitawar. Ɗaukaka manhajar na'ura ba ya taɓa tsohon hash, yana nan da MD5 ɗinsa har sai an sake buga kalmar, kuma wannan na cikin abubuwan da bincike ya fi tonowa.

Lambobin IOS

Rauta da suwich na Cisco, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci, suna aiki da manhajar IOS, kuma da yake ana yawan ɗora musu aikin fayawol, mai bincike dole ya san lambar da ake rubutawa kafin hash. Lamba 0 na nufin kalmar tana nan tsirara. Lamba 7 kuwa ba hash ba ce ma, lulluɓi ne kawai da ake yi da wani makulli guda ɗaya da ke cikin kowace na'ura, lambobi biyu na farko suna nuna inda za a fara a jikin makullin, misali 0822455D0A16 cisco ce. Tun wajajen 1995 aka san yadda ake warware ta, ita ma Cisco ta ce an yi ta ne don mai leƙen allo ta bayan kafaɗa. Duk da haka har yau ana ganinta.

Lamba 5 aro ce daga md5crypt wanda Poul-Henning Kamp ɗan ƙasar Denmak ya rubuta wa FreeBSD, wani dangin Unix, a 1994, tana farawa da $1$, tana da gishiri, tana maimaita MD5 sau 1,000. A zamaninta ta yi ƙoƙari sosai. A 2012 shi Kamp ɗin da kansa ya fito ya ce a daina dogara da ita, saboda katin GPU, katin sarrafa hoto na wasan kwamfuta, ya riga ya yi mata gudun da ba a yi zato ba.

Labarin lamba 4 shi ne mafi ban haushi. An kawo ta ne don ta gaji lamba 5, an ce PBKDF2 ce da SHA-256 da gishiri da maimaitawa 1,000, sai a watan Maris na 2013 Philipp Schmidt da Jens Steube na aikin Hashcat, manhajar gwada hash, suka gano cewa abin da aka ɗora a zahiri SHA-256 ne sau ɗaya ba ko gishiri, wato magajiyar ta fi wadda ta gada rauni nesa ba kusa ba. Cisco ta amsa kuskuren ta janye ta. Abin lura a nan, da gwajin samar da hash a waje da gwada shi da na cikin na'ura aka kama wannan, ba da karanta takardun kamfani ba.

Bayan nan aka zo da lamba 8, PBKDF2 da SHA-256 sau 20,000, da lamba 9 mai amfani da scrypt na Colin Percival na 2009, wanda ke cin memori da gangan don ya wahalar da GPU. A Fabrairun 2022 hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta ba da shawarar a riƙe lamba 8, don ita ce ta dace da ƙa'idojin NIST, hukumar tsara ma'aunai ta Amurka. Masana da yawa sun fi son 9.

Yadda binciken ke gudana

Mai na'ura ne ke ba da kwafin fayil ɗin saiti, a yi aikin a wata kwamfuta daban ba tare da an taɓa fayawol ɗin da ke aiki ba. Da farko a duba irin hash ɗin, don 0 da 7 da 4 tun daga nan sun faɗi. Sauran a ɗora su a John the Ripper, wanda Solar Designer ya fitar a 1996, ko Hashcat, inda kowane iri ke da lambarsa, PIX 2400, ASA 2410, lamba 5 kuma 500. Manhajar tana niƙa jerin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi shahara shi ne na RockYou, kalmomi sama da miliyan 14 da suka fita a kutsen da aka yi wa kamfanin RockYou a 2009. Mai bincike na kirki yana ƙara nasa jerin, sunan ma'aikatar da garin da take da shekara a ƙarshe, don a nan mutane suka fi faɗawa. Rahoton ba ya ɗauke da kalmomin da aka gano, sai dai a ce asusu kaza ya faɗi cikin lokaci kaza.

Akwai kuma amfani na biyu, admin ya samar da hash a kwamfutarsa ya liƙa a saiti, don kada kalmar ta bi ta imel ko ta zauna a fayil tsirara.

Sauran kamfanoni

A na'urorin kamfanin Juniper, duk abin da ya fara da $9$ ana iya warware shi kamar lamba 7. Fayawol ɗin pfSense na amfani da bcrypt, wani lissafi mai gishiri da maimaitawa.

Doka

Gwada hash ɗin na'urar da ba taka ba, ba tare da izinin mai ita ba, laifi ne a yawancin ƙasashe, a Najeriya yana shiga ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Shi ya sa ake sa hannu a takardar yarjejeniya kafin a miƙa fayil, a rubuta na'urorin da aka yarda a duba da ranar da za a goge kwafin.