Makarantar Daji

Makarantar daji tsari ne na rainon yara ƙanana, galibi 'yan shekara 3 zuwa 6, inda kurmi yake zama ajinsu. Ba yawon buɗe ido ba ne na sau ɗaya a zango. Wuri guda yaran suke komawa kullum, ko aƙalla mako-mako, ko ana ruwa ko ana rana, har su san kowace bishiya da yadda take sauya kama a tsawon shekara.

Daga arewacin Turai abin ya taso. A Denmak ana danganta farkonsa da wata mata, Ella Flatau, wadda ta riƙa fita da yara daji a farkon shekarun 1950. A Suwidin kuwa, Gösta Frohm ya ƙago Skogsmulle a 1957, wani ɗan tatsuniya mazaunin kurmi da ke koya wa yara sanin tsirrai da dabbobi ta hanyar wasa da waƙa. Jamus ta samu irin wannan makaranta a Wiesbaden a 1968, amma sai a 1993 hukuma ta fara amincewa da wata a Flensburg. A shekarar ce kuma malaman raino na Kwalejin Bridgwater suka ziyarci Denmak, suka koma Ingila da tsarin.

Babu kayan wasan kanti sosai a wurin. Sanda, laka, ganye da tsakuwa sun wadatar, domin sanda ɗaya takan zama doki yanzu, anjima ta koma gada. Yarinya za ta mirgina ruɓaɓɓen gungume, ta tarar da dodon koɗi da tsutsar ƙasa a ƙarƙashi, ta tsuguna tana kallo har ƙafafunta su yi sanyi. Malamin da ya san aikinsa ba ya katse ta, ba ya kuma gaggawar ba ta amsa. Wannan haƙurin shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma shi ya fi wuyar koyo ga manya.

Batun haɗari ne ya fi tayar wa iyaye hankali, kuma ba a ga laifinsu ba. Wata mai bincike 'yar ƙasar Norwe, Ellen Sandseter, ta kasa wasa mai kasada gida 6: hawa sama, gudu mai tsanani, riƙe kayan aiki masu kaifi, kusantar wuta ko ruwa, kokawa, da yin nisa da idon manya. Makarantar daji ba ta hana waɗannan, tana dai koyar da ƙa'idarsu. Yaron da zai fiƙe sanda sai ya zauna, ya tabbatar babu kowa kusa da shi, sannan ya riƙa tura wuƙar tana yin gaba, nesa da jikinsa. Abin da yaro ba zai iya hangowa da kansa ba, irin su busasshen reshe mai shirin faɗowa da naman kaza mai guba, wannan aikin malamai ne tun kafin a iso.

Tafiya a ƙasa mai tudu da kwari tana ƙarfafa gaɓoɓi da daidaiton jiki, kuma bincike ya nuna yawan zama a hasken waje yana rage wa yara haɗarin matsalar rashin gani daga nesa. Sai dai tsarin yana bukatar malamai da yawa, da tufafi masu tare ruwa da sanyi. A yankunan da kaska ke yaɗa cutar Lyme, akan duba jikin yaro bayan an dawo, musamman bayan kunne, hammata da bayan gwiwa.