Makiro ne ko manhaja? A karanta kafin a sake tambaya ta

Na amsa waɗannan tambayoyin har bakina ya gaji, don haka ga su wuri guda.

Mene ne makiro?

Jerin umarni ne da ka adana a cikin manhajar rubutu, kamar Word ko LibreOffice Writer, don ta maimaita maka aiki da dannawa ɗaya. Shi ke nan.

Me ya raba shi da manhaja?

Manhaja da ƙafarta take tsayawa. Makiro kuwa ɗan haya ne a gidan Word: rufe Word, aikinsa ya tsaya.

Tunda ƙarami ne, ai ba ya cutarwa ko?

Wa ya gaya maka? Melissa, wadda ta addabi duniya a watan Maris na 1999, makiro ce a cikin takardar Word, ta riƙa aika kanta ta manhajar imel ta Outlook zuwa adireshi 50 na farko da ta tarar. Don Allah a daina kunna makiro a fayil ɗin da ba a san wanda ya turo shi ba. In ka ga sunan fayil ya ƙare da .docm, yi hattara, domin .docx ba ya ɗaukar makiro.

Sai na iya rubuta umarnin kwamfuta?

A'a, kwantar da hankalinka. Kunna naɗin makiro (Record Macro), yi aikin sau ɗaya, tsayar, ba shi suna. A Word, danna Alt+F8 zai nuna maka shi.

Nawa ya yi tsawo, har fayiloli yake buɗewa. In bar shi makiro ko in sa a rubuta mini manhaja?

To, nan ne amsar ba ta yankewa. Makiron da aka naɗa aku ne, abin da ya ji kawai yake maimaitawa. Nawa na farko k' yake nema ya mayar ƙ, d' ya mayar ɗ. Amma ranar da na danna Alt+F11, na buɗe wurin gyara umarnin makiro, na ƙara masa sharaɗin ya tsallake abin da ke cikin alamar zance, na riga na shiga rubuta manhaja, ko da sunan bai canza ba. VBA, yaren da ake rubuta makiron Word da shi, wanda ya gaji WordBasic tun Word 97, cikakken yaren umarni ne.

Idan kai kaɗai ke amfani da shi, kuma aikin bai fita daga Word ba, ni dai zan ce ka bar shi. Idan kuwa za ka raba wa mutane, wataƙila ka sake tunani: Word na intanet ba ya gudanar da VBA, LibreOffice kuma ba kowane umarninsa yake ganewa ba. Duk da haka tsawo kaɗai ba dalili ba ne. Duba wanda zai gyara shi ranar da ya lalace.

Na canza kwamfuta, makirona ya ɓace.

Yana tsohuwar, galibi cikin fayil ɗin Word mai suna Normal.dotm. Je ka kwafo shi.