Ma'anar Rikaf: Sauya Kafasito a Tsofaffin Sifikoki

Masu gyaran kayan sauti da masu tara tsofaffin na'urori suna yawan ambaton kalmar "rikaf", kuma abin da suke nufi da ita shi ne cire kafasitocin da suka tsufa a cikin na'ura, wato ƙananan kayan lantarki masu ajiye wuta na ɗan lokaci, a maye gurbinsu da sababbi masu ƙima iri ɗaya. Ana yin wannan aiki a amfilifaya da rediyo, amma idan ana maganar sifika, aikin ya shafi wani ɗan allo ne da ke ɓoye a cikin akwati, wanda ake kira kurosoba. Manufarsa ita ce mayar da sifikar ga sautin da maƙeranta suka tsara mata tun farko, kuma duk wanda ya manta da wannan manufa yakan wayi gari da sifikar da ta sauya murya ba tare da ta warke ba.

Kunnen mutum yana jin sauti daga kusan haz 20 zuwa haz 20,000 (haz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), kuma da wuya a samu sifika ƙwaya ɗaya da za ta iya fitar da wannan fagen gaba ɗaya yadda ya kamata. Shi ya sa ake raba aikin a cikin akwati: babbar da ake kira wufa tana fitar da sauti mai kauri, ƙaramar da ake kira tuwita tana fitar da siririn sauti, a wasu akwatunan kuma akwai ta tsakiya wadda muryar mutum ta fi fitowa daga gare ta. Kurosoba ce ke karɓar abin da amfilifaya ya turo ta rarraba shi, ta ba kowace rabonta. Kayan da take amfani da su uku ne kawai, wato koyil, wanda ke barin sauti mai kauri ya wuce ya tare siriri, da kafasito, wanda ke yin akasin haka, sai kuma rezista mai rage ƙarfi. Koyil waya ce ta tagulla da aka nannaɗe, don haka ba ta cika tsufa ba, rezista ma takan daɗe matuƙar ba ta ƙone ba. Kafasito ne ke da wa'adi.

Ana auna ƙimar kafasito da maikurofarad, kuma wannan ƙima ce ke yanke inda tuwita za ta fara karɓar aiki. A tsari mafi sauƙi, inda kafasito guda ne a kan hanyar tuwita mai turjiyar om 8 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wutar lantarki), maikurofarad 4.7 yana sanya mararrabar a kusan haz 4,200. Idan ƙimar ta hau zuwa 7, mararrabar za ta sauko ƙasa da haz 2,900, ma'ana tuwita za ta riƙa karɓar sauti mai kauri fiye da wanda aka ƙera ta domin shi, wayarta ta ciki ta riƙa yin zafi, wata rana kuma idan aka ƙure sauti ta tsinke. Idan kuwa ƙimar sauka ta yi, mararrabar za ta hau sama, a samu giɓi tsakanin inda wufa ta gaji da inda tuwita ta fara, sautin ya fito babu jiki a tsakiyarsa. Wannan lissafi ƙiyasi ne, domin turjiyar tuwita tana sauyawa da sauyin sauti, amma ya isa ya nuna yadda ɗan abu ƙarami yake juya muryar akwati baki ɗaya.

Yawancin sifikokin da aka ƙera daga shekarun 1960 zuwa na 1980 suna ɗauke da kafasito mai ruwan sinadari, wanda ake kira ilektirolitik, saboda yana ba da ƙima mai yawa a ƙaramin jiki. Idan aka fasa ɗaya za a tarar da fallayen alminiyom guda biyu da aka nannaɗe tare da takarda a tsakaninsu, takardar kuma a jiƙe take da ruwan sinadari, an toshe bakin gwangwanin da roba. A kan alminiyom ɗin akwai wani siririn lulluɓi wanda shi ne ainihin abin da ke hana wuta tsallakewa. Da tafiyar shekaru robar tana taurarewa, ruwan yana ƙafewa sannu a hankali, lulluɓin ma yana iya raunana idan kafasiton ya daɗe a ajiye. Masu ƙera su suna ba da wa'adi ne da sa'o'i a wani ma'aunin zafi, misali sa'o'i 2,000 a digiri 85, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka wa'adin. Cikin akwatin sifika ba ya zafi kamar cikin amfilifaya, wannan ne ya sa wasu kafasitocin suke kai shekara 40 da lafiyarsu, amma babu mai iya tabbatar da hakan da ido, domin wanda ya lalace sau da yawa ba ya kumbura, ba ya yoyo.

Lalacewar ta kan zo ta fuska biyu. Ta farko ita ce sauyin ƙima da aka ambata, sama ko ƙasa. Ta biyu ita ce hauhawar turjiyar cikin kafasiton, wadda masu sana'a ke kira ESR, kuma aikinta kamar na rezistar da aka ƙara a kan hanyar tuwita ne ba tare da izinin mai zane ba. Idan ta kai om 2 a gaban tuwita mai om 8, ƙarfin siririn sauti zai ragu da kusan desibel 2 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wanda kunne ke ji a matsayin dusashewa: kuge ba ya ƙyalli, haruffa irin su "s" ba sa fita sarai. Kuma da yake kafasitocin dama da na hagu ba sa tsufa daidai, muryar mawaƙi da ya kamata ta tsaya a tsakiya takan karkata gefe guda.

Ba kowane tsohon kafasito ne ke bukatar cirewa ba. Nau'in da aka yi da fallen leda, irin su foliyesta da folifurofilin, ba shi da ruwan da zai ƙafe, kuma yawanci idan aka auna shi bayan shekaru masu yawa ana samunsa a kan ƙimarsa, saboda haka cire shi ɓata lokaci ne. Akwai kuma masu takarda da mai a cikin gwangwanin ƙarfe, waɗanda ake gani a wasu tsofaffin sifikoki na Amurka. Waɗannan suna da wata magana ta daban, domin waɗanda aka ƙera kafin 1979, shekarar da Amurka ta hana sarrafa sinadarin PCB, suna iya ƙunsarsa, kuma yana da illa ga lafiya. Idan an ga irinsu yana tsattsafo da mai, ba a taɓa shi da hannu kai tsaye, ba a kuma jefa shi cikin shara ta yau da kullum.

Kafin a ɗora wa kafasito laifi, ya kamata a duba sauran abubuwan da ke tsufa, domin alamominsu suna kama da juna. Soson da ke zagaye da wufa yana ruɓewa ya marmashe. Ruwan maganaɗisun da ake sanyawa a wasu tuwitoci domin sanyaya su yana yin kauri ya riƙe motsinsu, sakamakonsa kuma dusashewar nan ce dai. Sifikar AR-3a, wadda kamfanin Acoustic Research ya fitar a 1967, misali ce mai kyau: maƙunnan juyawa biyu da ke bayanta, na daidaita tsakiya da na tuwita, sun shahara da yin tsatsa har su yanke sauti gaba ɗaya, kuma mai sabon kafasito a irin wannan akwati ba zai ji wani bambanci ba muddin tsatsar tana nan. Hanyar rarrabewa ita ce awo. Ana cire ƙafa ɗaya ta kafasiton daga allo, domin sauran kayan da ke haɗe da shi suna rikita mita, sannan a karanta ƙimarsa da turjiyarsa. Kafasitocin ilektirolitik tun suna sababbi an yarda su kauce wa abin da aka rubuta a jikinsu da kashi 10 ko 20 cikin 100, don haka ɗan bambanci ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne kaucewa mai nisa, ko saɓani tsakanin akwatin dama da na hagu.

Wajen zaɓen sabo, ƙimar maikurofarad ce ba a wasa da ita. Matsalar da ake cin karo da ita ita ce tsofaffin sifikoki suna amfani da lambobi irin su 5 da 6 da 8, alhali waɗanda suka fi samuwa a yau su ne 4.7 da 5.6 da 6.8 da 8.2. Maganinta mai sauƙi ne, domin idan aka haɗa kafasito biyu ƙafa da ƙafa ƙimarsu tana haɗuwa, 3.3 da 2.7 su ba da 6 cif. Yawan volt da aka rubuta kuwa iyakar abin da kafasiton zai jure ne, ana iya ɗaukar wanda ya fi na asali amma ba wanda ya gaza shi ba. Amfilifaya mai wat 100 a kan om 8 yana kai volt 40 a ƙololuwar sauti, shi ya sa mai volt 100 yake wadatarwa a yawancin gidaje. Sharaɗi na uku shi ne, idan ilektirolitik za a sanya, dole ya zama wanda ba shi da gefen tarawa da na debewa, mai alamar NP ko BP, domin wutar sauti tana kai da komowa ne, kuma mai gefe ba a yi shi domin haka ba.

Inda ra'ayi ya fi rabuwa shi ne ko a mayar da ilektirolitik irin na asali ko a koma na leda. Masu son na leda suna da hujja mai ƙarfi: ba ya ƙafewa, ƙimarsa takan tsaya cikin kashi 5 cikin 100 ko ƙasa, turjiyarsa kuma kusan babu. Sai dai wannan rashin turjiya shi ne kuma abin lura. Injiniyan da ya tsara sifikar ya saurare ta, ya auna ta, ya daidaita ta ne da ilektirolitik a ciki, wanda ko yana sabo yana da ɗan turjiyarsa, kuma wannan ɗan abin ya shiga cikin lissafin muryar. Idan turjiyar ta kasance rabin om aka kawar da ita, tuwita mai om 8 za ta ƙara ƙarfi da kusan rabin desibel, mai om 4 kuma da kusan desibel guda. A takarda wannan kaɗan ne, amma idan ya shafi dukkan siririn sauti ana jinsa, kuma shi ne dalilin da ya sa wasu ke cewa sifikarsu ta koma tsini bayan rikaf. Wasu masu gyara suna sanya ƙaramar rezista, kamar om 0.33 ko 0.47, a jere da sabon kafasiton domin mayar da abin da aka rasa. A ganina wannan dabara ce mai ma'ana a kan hanyar tuwita. Amma ga manyan kafasitocin da ke gefen wufa, irin mai maikurofarad 150 da ke cikin AR-3a, sabon ilektirolitik mai inganci ya fi dacewa, domin na leda mai wannan ƙima ƙato ne da ke cin wuri a akwati, kuma turjiyar na asalin tana taimakawa wajen lafar da ƙaruwar sauti a kusa da mararraba.

Shi kansa aikin ba mai wuya ba ne ga wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma, amma yana son natsuwa. Galibi ta ramin wufa ake shiga. Kafin a taɓa komai ana ɗaukar hoton allon da launin kowace waya, saboda a wasu tsare-tsaren da gangan ake juya wayoyin tuwita ko na tsakiya, kuma wanda ya "gyara" su yana zaton kuskuren kamfani ne zai haifar da rami a sauti daidai mararraba. Audugar gilashin da ke cike da akwatin tana sa ƙaiƙayi, ana kama ta da safar hannu da takunkumi, a ajiye ta gefe, a mayar da ita duka yadda take, domin yawanta yana cikin tsarin sauti mai kauri. Ana cire kafasito ɗaya a sanya sabonsa kafin a wuce zuwa na gaba, a tabbata dalmar ta narke ta malala tana sheƙi a kan ƙafa maimakon ta dunƙule, sannan a ɗaure kafasiton ko a manne shi da gam, domin cikin akwati wuri ne mai girgiza kuma ƙafar da ke lilo tana karyewa. A rufaffen akwati, irin tsarin da Edgar Villchur, wanda ya kafa kamfanin Acoustic Research, ya kawo a 1954, iskar da ke kulle a ciki ce ke riƙe wufa, saboda haka dole a sake like bakinta sosai. Ana gwada hakan ta hanyar tura faifan wufa a hankali da yatsu: idan ya dawo sannu-sannu, akwatin a toshe yake, idan ya dawo nan take, iska tana fita ta wani wuri.

Ana yin akwatunan biyu tare ko da ɗaya ne ya nuna alama, kuma ya fi kyau a auna sababbin a haɗa masu kusancin ƙima dama da hagu. Hanya mai kyau ta sanin abin da aikin ya sauya ita ce a gama akwati ɗaya, a ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, a tura musu sauti iri ɗaya ana sauyawa tsakaninsu, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe launin sauti na tsawon kwanaki, kuma mutumin da ya sha wahalar aiki yana da saurin jin abin da yake fatan ji. Wannan gwaji ne kuma ya dace a yi wa kafasitoci masu tsadar gaske da ake tallatawa da alƙawarin sauti na musamman, waɗanda a kan mita ba su cika bambanta da folifurofilin na yau da kullum ba. Idan sifikar tana cikin waɗanda masu tarawa ke nema, ana adana tsofaffin kafasitocin a leda tare da rubuta ƙimar da aka karanta a kowanne da shekarar da aka cire shi, domin wasu masu saye suna son ganin kayan asali, mai gyara na gaba kuma zai bukaci sanin abin da aka tarar a ciki.